Rabin Maganin Malam Buba

Da sunan Allah, wanda cuta da waraka duk a hannunsa suke. Na ɗauki alƙalami ne saboda 'yan'uwanmu mazauna Libreville, tun da na ji an sake sanarwa a masallacinmu na Nombakélé cewa likitocin jami'a za su buɗe sababbin gwaje-gwajen magani, na hawan jini da ciwon suga da amosanin jini da zazzaɓin cizon sauro. Ban ce kowa ya shiga ba, ban kuma ce kowa ya ƙi ba. Ina so dai kafin mutum ya yanke shawara ya ji abin da ya sami aminina Alhaji Habu.

Ni Bakano ne, shi Badamagare, don haka tun ranar da muka haɗu a bakin tashar jirgin ruwa ta Douala, muna samari, ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. A lokacin ni na riga na taka Abidjan da Khartoum, ina ji da kaina. Shi kuwa daga Damagaram ya fito kai tsaye, da buhu ɗaya da butar alwala. Jirgi ɗaya ya sauke mu Gabon. Shekarunmu na farko a daji muka yi su, muna kai atamfa da sabulu da batir da ƙananan rediyo sansanonin masu yankan katako, can wajen Ndjolé da gabanta. Ranar biyan albashi mu shimfiɗa kaya a gindin manyan gungumen okume, ƙamshin ɗanyen itace ya cika ko'ina, ma'aikata suna ciniki da yarensu na Fang, ni ina amsawa da ɗan abin da na tsinta, Habu yana amsawa da yatsu. Ban taɓa samun kuɗi da daɗin rai kamar na wancan zamani ba.

A wannan daji akwai wani jan ƙuda mai cizo da rana. Shi ne yake sa wa mutum tsutsar da mutanen nan suke kira filer. Kusan duk wanda ya yi zaman daji a cikinmu yana da ita. Jiki ya yi ta ƙaiƙayi, hannu ya kumbura yau, jibi kumburin ya tashi ya koma gwiwa, wani lokaci kuma tsutsar ta ratso ta farin ido ana kallonta. Wata tsohuwa a sansani ta taɓa zare wa Habu guda ɗaya da ƙayar lemo, ni ina riƙe da kansa, shi yana zagin Kanawa gaba ɗaya. Muka ɗauki abin kamar harajin zaman daji. Muka dawo birni, kowa ya yi aure, Habu ya buɗe shagonsa na kayan masarufi a Nombakélé, na buɗe nawa na yadi a kusa da kasuwar Mont-Bouët, muka tsufa da ƙaiƙayinmu.

Daminar bara abin ya tsananta masa. Gajiya, ciwon kai, gaɓoɓi suna ciwo, har zaman shago ya gagare shi. Ana cikin haka wata matashiyar likita 'yar ƙasa ta zo harabar masallaci bayan sallar Juma'a, da mayafi da ta aro don girmama wurin. Ta ce jami'a za ta gwada wani magani na filer. Ni aka sa na yi tafinta daga Faransanci. Ta ce za a ɗebi jinin mutum da tsakar rana, domin a lokacin ne 'ya'yan tsutsar suke fitowa yawo a jini. Wanda aka ga nasa sun yi yawa ƙwarai ba za a ba shi ba. Waɗanda aka ɗauka kuma, wasu za a ba su maganin, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma ko ita ba za ta san na wane ne wane ba. Ta ƙare da cewa abin da aka ba ka naka ne kai kaɗai. Na juya wannan jimla da Hausa, na kuma juya ta da Fulatanci saboda mutanen Garoua da Maroua. Kowa ya gyaɗa kai.

A hanyar gida na ce wa Habu, “Badamagare, gobe mu je a duba ka.”

“Jinin da ya rage mini cokali nawa ne, har zan kai a ɗiba?” in ji shi. “Kai Bakano, ka taɓa ganin kyauta a garin nan? Garin da ko albasa sai an yanka ta biyu ake sayarwa?”

Na ce masa a Jidda na kwanta asibiti ba a karɓi ko sisina ba, kuma ga ni da raina.

“Ai su Larabawa sun ga ba abin da za su samu a jinin Bakano sai rowa.”

Muka yi dariya, ya ƙi zuwa. Ni nawa ƙaiƙayin ya daɗe da lafawa, ban je ba ni ma. Wanda ya je shi ne Malam Buba, mutumin Garoua, mai gasa nama a bakin titin unguwarmu, wanda shi ma ya yi zaman sansanin katako. Aka gwada jininsa, aka ɗauke shi, aka riƙa ba shi ƙwayoyi na kwanaki ya tafi da su gida. Ba a daɗe ba ya fara ba da labari a majalisa cewa ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana yaro.

Habu kuwa ya kwanta a gida, masu dubiya suka fara zuwa. Na ga dubiya a ƙasashe da yawa. A Jidda lemon kwalba da alewa ake kai wa mara lafiya. A Abidjan a damƙa masa 'yan kuɗi a hannu. Maƙwabtanmu 'yan Gabon tukunyar abinci suke ɗaukowa. Mu kuwa magani muke kaiwa. Duk wanda ya taɓa yin irin ciwon, abin da ya warkar da shi zai kawo, kuma a wurinmu mutum ya ji daɗin magani ya ɓoye wa ɗan'uwansa, wannan rowa ce da ta fi ta abinci muni. A haka muka rayu a daji, inda ba likita ba kanti: ƙwayar zazzaɓi ɗaya mukan raba ta da wuƙa. Don haka ɗakin Habu ya cika da zuma da habbatus sauda, da saiwoyi daga wani mutumin Mali, da man shafawa daga Legas, da rubutu a gorar ruwa. Matarsa Hajiya Asabe tana karɓa tana godiya.

Wata safiya Hajiya ta aiko a kira ni. Na same shi zaune a bakin gado da buta a gabansa, ya kasa tuna yadda ake alwala. Jikinsa zafi rau, idanunsa sun yi ja, maganarsa ta harɗe. Na ce, “Badamagare, ka gane ni?” Ya dube ni kamar wani baƙon da ya shigo shago. Muka ɗauki shatar taksi zuwa babban asibiti.

Makon farko a kan benci ya fara. Mun daɗe a layi kafin a samu gado, Habu yana jingine a kafaɗata, yana zamewa ina tallabo shi. Ba zan zargi ma'aikatan ba, na ga yawan mutanen da ke kansu, amma wanda bai iya Faransanci ba a wannan wuri ya shiga uku, ko wurin da zai biya kuɗi sai ya yi yawo. Aka ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, aka sa masa ƙarin ruwa. Kowace safiya sabuwar takardar magani, kowace takarda sai an fita farmasi, wato kantin magani, har safar hannu da auduga mu ne masu saye. Bai farfaɗo ba. Aka ce ko shanyewar ɓarin jiki ce, aka tura mu wani wuri ɗaukar hoton kai, muka kai shi muka dawo da shi kamar kaya. Hoton bai nuna abin da suke nema ba.

Likitan ɗakin, wani dattijo mai haƙuri, ya tambaye mu abin da ya sha kafin ya faɗi. Na juya wa Hajiya tambayar. Ta lissafa zuma, da saiwoyi, da rubutu, da maganin ciwon kai na kanti. Ya ce, “Shi ke nan?” Ta sunkuyar da kai ta ce shi ke nan.

Mako na biyu ya daina magana gaba ɗaya. Sai ido a buɗe, ba ya haɗiye abinci sai da dabara. Ni da Hajiya muka raba aiki, ita wanki da shafa da ba shi kunu a cokali, ni ɗagawa da juyawa da zirga-zirgar farmasi. Shawara kuwa ta riƙa zuwa ta ko'ina. Babban ɗansa ya bugo daga Damagaram ya ce a sako shi a jirgi, gara ya cika a gida. Wasu a masallaci suka ce iskokin daji ne suka biyo shi bayan shekaru. Wata maƙwabciya 'yar ƙasa, da zuciya ɗaya, ta ce tana da boka a bayan gari. Jama'a suka yi karo-karo bayan sallar Juma'a, Allah ya saka musu, duk da haka sai da aka fara karyar da kayan shagonsa. Ina zaune gefen gadonsa ina ba shi labarin daji, ranar da kwalekwale ya kife da atamfofinmu muka shanya su a kan gungume, ma'aikata suka saye su a jiƙe. Ban san ko yana ji ba. Ni dai ina buƙatar faɗa.

A cikin wannan mako na lura da wani abu. Kowa ya zo asibiti ban da Malam Buba, mutumin da ko akuyarka ce ta yi ciwo sai ya zo jaje. Kullum dai farfesu yana isowa daga wurinsa a kwano mai murfi, amma shi ba ya zuwa. Sau ɗaya na hango shi tsaye a bakin ƙofar asibitin, da ya gan ni ya juya.

Na same shi a rumfarsa da hantsi, yana hura gawayi. Muka gaisa.

Na ce, “Malam Buba, farfesunka yana zuwa dubiya, kai ba ka zuwa. Ko shi ne abokin Alhaji Habu?”

Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da fifita wutar da ta riga ta kama.

“Alhaji, yaya jikin nasa?”

“Sai addu'a. Likitoci sun rasa kansa.”

Ya ajiye maficin, ya zauna a kan benci, ya cire hularsa ya riƙe. Ya koma Fulatanci, yaren da yake yi idan magana ta yi masa nauyi. Ya ce ranar da ya je dubiya ya tarar da Habu yana susa har jini na fita. Shi kuma ga magani a aljihunsa da ya raba shi da wannan azaba. Sai ya zazzage na makon a tafin hannu, ya raba biyu, ya ba Hajiya rabi.

“Ka ji abin da likitar ta ce a masallaci,” na ce masa. “Ni na faɗa maka da yarenka.”

“Na ji, Alhaji. Na ɗauka tsoro suke kada ya ƙare musu. Na ce to ai daga rabona na cire, ban taɓa na kowa ba. Kuma an ce wasu ba komai a ciki. In nawa na banza ne ba zai cutar da shi ba, in na gaske ne ya warke. Ta ina zan ga laifi?”

Da ni ne a matsayinsa shekaru talatin baya, irin lissafin da zan yi ke nan.

Na ce, “Tashi mu je wurin likitar.”

“Za su kira 'yan sanda. Katina na izinin zama a ƙasar nan ya kusa ƙarewa. Yarana fa?”

“Ban san abin da za su yi ba, Malam Buba. Abin da na sani, Habu yana mutuwa, kuma ba wanda ya san dalili sai kai.”

Sai ya yayyafa wa wutar ruwa, ya rufe naman, ya sa hularsa.

Mun biya asibiti tukuna, na ja Hajiya gefe. Kafin na gama magana ta ce ta sani.

“To Hajiya, da likita ya tambaya fa?”

“Alhaji, mutum ya raba rabonsa ya ba mijina don Allah. Da wane baki zan kai sunansa gaban hukuma? Kuma ni ban zaci ƙwaya 'yar mitsitsiya za ta yi haka ba. Na fi zargin saiwoyin.” Sai hawaye.

Likitar binciken ta saurari Malam Buba har ya gama, ina juya mata. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ambaci ɗan sanda ba. Ta tambayi ƙwaya nawa, da yaushe, da ko Habu ya taɓa zaman daji. Da na ce ya yi shekaru, sai na ga fuskarta ta canja. Ta fita ta yi waya da na gaba da ita domin a ba ta izinin sanin wane iri aka ba Buba. Ta dawo ta ce na gaske ne. Ta ɗauki jakarta ta ce mu tafi, rana ta kusa take tsaka.

Da hannunta ta ɗebi jinin Habu, jinin da ya hana a ɗiba yana da hankalinsa. Bayan ta duba ta zauna da likitan ɗakin, sannan ta kira ni da Hajiya. Maganarta ta zauna mini har yau. Ta ce, “Baba, ba guba ya sha ba. Maganin aikinsa ya yi. Tsutsotsin da ke jininsa sun yi yawa, suka mutu a lokaci ɗaya, gawarwakinsu suka toshe ƙananan hanyoyin jini a kansa. Abin da ya sa muke fara ɗibar jini ke nan. Da ya zo wurinmu, da mun hana shi.”

Na tambaye ta ko akwai makari. Ta ce babu wata allura guda da za ta tashe shi, abin da zai cece shi jinya ce: a daina magungunan da ake ba shi bisa zato, a ciyar da shi ta roba, a riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, a tsare ƙirjinsa daga sanyi, a jira. Aka mayar da shi ɗakin da ake sa ido sosai. Ta riƙa leƙowa duk da ba majinyacinta ba ne, kuma ta yi ta faɗi-tashi har aka rage mana wani ɓangare na nauyin. Ina gode mata. Amma na gaya mata, kuma ina maimaitawa a nan, cewa jimla ɗaya a harabar masallaci ba ta isa ba. Sun ce kada a ba kowa, ba su ce zai iya kashe wanda aka ba ba. Da sun tambaye mu yadda muke dubiya, da ba su sallami Bahaushe ko Bafulatani da maganin mako guda a aljihu ba. Ta saurara, ta ce za ta kai maganar gaba.

Sauƙi ya zo a hankali, yadda ban iya cewa ga ranar da ya fara ba. Yatsu suka fara motsi, ya fara bin Hajiya da ido, ya fara haɗiye kunu. Da bakinsa ya buɗe, ruwa ya fara nema. Bayan wata ɗaya da wani abu aka sallame mu. Ya fito da rai da hankalinsa, amma ƙafar hagu tana ja, hannunsa yana rawa, lissafi kuma ya gudu daga kansa, mutumin da yake haɗa cinikin yini ba tare da ya taɓa biro ba. Shago ya ƙare ke nan. 'Ya'yansa suka ce ya dawo gida, wannan karon bai yi musu ba.

An cire Malam Buba daga gwajin, tun da bai sha yadda aka tsara ba, aka mayar da shi wurin likitan da zai ci gaba da duba shi. Ƙaiƙayinsa ya dawo. Har aka sallami Habu bai yarda sun haɗa ido ba. Ana saura kwana kaɗan su tashi, Habu ya sa aka kira shi. Ya shigo ya durƙusa tun daga bakin ƙofa.

“Alhaji, ka yafe mini.”

Habu yana magana a hankali yanzu, kalma ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Buba, matso. Rabi ka ba ni?”

“Rabi, Alhaji.”

“Da ni ne da maganin, kai ne a kwance, da abin da zan yi ke nan. Tashi ka zauna a kujera, kana sa ni jin kunya.”

Malam Buba ya kifa kansa a gefen katifar yana kuka, Habu ya ɗora masa hannun nan mai rawa a ka. Hajiya ta fita tsakar gida.

Na raka su filin jirgi. Shekara arba'in da ɗoriya muna gari ɗaya, ban taɓa tunanin ɗayanmu zai bar ɗaya a nan da rai ba. Yanzu in na bi ta gaban shagonsa, wani yaro ɗan Maradi ne a ciki yana sayar da kayan waya. Muna magana da Habu ranar Juma'a, in layi ya yi kyau.

To 'yan'uwa, ga gwaje-gwaje nan za a buɗe. Wanda zai je ya tafi da mai jin Faransanci sosai, ya yi tambaya har ya gamsu, ya kuma tambaya musamman me zai faru in wani ya sha abin da aka ba shi. Wanda ya kai mara lafiya asibiti ya faɗi duk abin da ya shiga bakinsa, da wanda ya kawo, ko da mahaifinsa ne. Ni kaina na ba da sunana a na hawan jini, ina jiran kira.

A makon jiya bayan la'asar, wani dattijo da muke sahu ɗaya shekara da shekaru ya ce kansa yana sarawa, ya ji ina da ƙwayar hawan jini mai kyau, in ba shi biyu. Suna cikin aljihuna. Na ce masa a'a, amma gobe in raka shi a auna shi. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, har da kai?” Ya ɗauki takalmansa ya tafi. Tun da nake ban taɓa hana mutum magani ba sai ranar, kuma har yau gaisuwarsa a taƙaice take.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinya, ya kuma huci zuciyar wannan dattijo.